Injin ɗumama wurin sana'a a Birtaniya: wanne za ka saya, kuma nawa haraji zai rage maka?

Boilar gas ta masaukin baƙin yayana, wato injin da ke dafa ruwan ɗumama ɗakuna da na wanka, ta tsaya cak a tsakiyar watan Janairu, lokacin da sanyin arewacin Ingila ke ratsa bargo ya shiga ƙashi. Ɗakuna goma sha biyu ne, rabinsu da mutane a ciki, kowa na ƙwanƙwasa ƙofar ofis yana tambayar ruwan zafi. Mai gyara ya zo ya lallaɓa ta ta tashi, amma da zai tafi ya ce kada a sa ran za ta ga wani hunturun. Bayan mako uku sai ga Yaya a gidana da takardun farashi huɗu a cikin leda: sabuwar boilar gas, injin da ke zuƙo ɗumi daga iska, irinsa mai zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, da boilar da ke ƙona curarren garin katako. Ɗaya daga cikin kamfanonin ya ƙara da tayin faranten rana masu ɗumama ruwa.

"Zo ka duba min nan," ya ce, ya ɗora yatsa a kan wani layi da aka buga da manyan baƙaƙe. "Sun ce ana cire kuɗin duka daga haraji. Ke nan gwamnati ce za ta biya min?"

Na ce, "Yaya, da haka abin yake, da ni ma na buɗe masauki."

Aikina riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littattafan lissafi, kuma wannan tambayar na sha jin ta daga masu gidan abinci da masu shagon wanki da masu gidan kula da tsofaffi. Abin da layin nan yake nufi shi ne, za a cire kuɗin injin daga ribar da za a yanka maka haraji a kanta. Idan kamfaninka na biyan kashi 25 cikin 100, kowace fam ɗari da ka kashe za ta rage maka fam 25 na haraji. Sauran 75 ɗin daga aljihunka suke fita, babu mai mayar maka.

Tushen maganar shi ne, hukumar haraji ta Birtaniya, HMRC, ba ta karɓar raguwar darajar kaya da akanta ke rubutawa a littafin kamfani. Akanta zai iya cewa inji zai yi shekara goma sha biyar, ya raba kuɗinsa gida goma sha biyar, amma lokacin lissafin haraji ana mayar da wannan adadin cikin riba, sannan a bi tsarin da dokar rangwamen kayan jari ta 2001 ta shimfiɗa. Dokar ta kasa kayan aiki kwando biyu. Akwai babban kwando, inda injinan sana'a na yau da kullum suke, wanda aka daɗe ana cire kashi 18 na abin da ya rage a cikinsa duk shekara, kafin kasafin kuɗin Nuwamban 2025 ya sauko da shi zuwa kashi 14 daga Afrilun 2026. Akwai kuma kwandon musamman, mai kashi 6 kacal tun daga Afrilun 2019. Tun 2008 doka ta zayyana abubuwan da take ɗauka a matsayin sassan jikin gini, kamar wayoyin lantarki, bututun ruwan sanyi, lif, da duk tsarin ɗumama ɗakuna ko ruwa, ta zuba su a kwandon musamman. Duka takardun Yaya huɗu can suka dosa.

Kashi 6 na abin da ya rage tafiyar hawainiya ce. Sai an haura shekara goma sha ɗaya kafin a cire rabin kuɗin, bayan shekara ashirin kuma kusan kashi 29 na nan zaune a kwando, alhali injin kansa wataƙila ya riga ya koma wurin 'yan gwangwan. Duk dabarar da ke cikin wannan harka ta neman hanyar da za a kauce wa wannan jiran ce.

Wani abu da masu tallar injinan ba su cika faɗa ba: a yau dokar rangwamen ba ta fifita injin da ba ya ƙona gas a kan mai ƙonawa. Dā can akwai fifikon. Daga 2001 an yi wani tsari da ke ba da damar cire kuɗi gaba ɗaya a shekarar farko ga injinan da ke cikin jerin kayan tsimin makamashi na gwamnati, aka rufe shi a Afrilun 2020. Akwai kuma shirin RHI na wuraren kasuwanci, wato tallafi ga masu injinan ɗumama irin na zuƙo ɗumi da na itace, wanda aka fara a Nuwamban 2011, inda Ofgem, hukumar da ke kula da gas da lantarki, ke biyan mutum tsawon shekara ashirin gwargwadon ɗumin da injinsa ya samar. Daga Afrilun 2012 an hana cin tudu biyu, wanda ke karɓar RHI ba zai sami wancan rangwame na musamman ba. Shi ma RHI ɗin an daina karɓar sababbin masu nema ranar 31 ga Maris, 2021. A Ireland ta Arewa ma abin ya zama abin kunya, domin nasu shirin ya riƙa biyan fiye da kuɗin itacen da ake ƙonawa, har aka yi zargin wasu na ɗumama rumfunan da ko kaza babu a ciki, rikicin kuma ya kai ga rushewar gwamnatin haɗin gwiwar yankin a Janairun 2017. Duk wanda ya ci karo da tsohon bayani a intanet da ke maganar waɗannan shirye-shirye, ya dubi kwanan watansa. Yanzu a idon mai karɓar haraji, boilar gas da injin zuƙo ɗumi duk kanwar ja ce.

Ƙofofin da suka rage uku ne, kuma ba girmansu ɗaya ba. Mafi faɗi ita ce AIA, alawus ɗin zuba jari na shekara, wanda ke ba ka damar cire abin da ka kashe gaba ɗaya a shekarar da ka kashe shi, har zuwa fam miliyan ɗaya. Wannan iyakar tana nan tun Janairun 2019, aka kuma mayar da ita ta dindindin daga Afrilun 2023. Kamfani na shiga ta nan, mai sana'a da sunan kansa na shiga, 'yan haɗaka ma suna shiga muddin dukansu mutane ne, babu kamfani a cikinsu. Kayan kwandon musamman sun cancanta, haka ma inji na hannu, in dai ba daga wurin ɗan'uwa na kusa ko wani kamfaninka ka saye shi ba. Ƙofa ta biyu ta kamfanoni ce kawai, kuma sai sabon kaya fil: a cire rabin kuɗin a shekarar farko, ragowar ta faɗa kwandon kashi 6 daga shekara mai zuwa. Ta ukun ita ce hawainiyar da na ambata.

Mu ƙaddara aikin ya ci fam 60,000, kamfanin kuma na biyan kashi 25. Ta AIA harajin shekarar farko zai ragu da fam 15,000. Ta ƙofar rabi zai ragu da 7,500, a shekara ta biyu kuma da 450 kawai. Ta kashi 6 zai ragu da 900. A ƙarshen zamani jimillar ɗaya ce, amma wanda ya taɓa neman kuɗin albashin ma'aikata a ƙarshen wata ya san bambancin fam 15,000 a bana da fam 15,000 a warwatse cikin shekara talatin. Ga mai ƙaramar sana'a babu wani dogon tunani, AIA ce.

Adadin da za ka samu kuwa ya danganta da inda ribarka ta tsaya. Tun Afrilun 2023 kamfanin da ribarsa ba ta wuce fam 50,000 ba yana biyan kashi 19, wanda ya haura 250,000 yana biyan 25, a tsakaninsu kuma kowace fam ta ƙari tana ɗaukar kashi 26.5. Ribar masaukin Yaya tana wajen 120,000, saboda haka cire 60,000 zai sauke harajinsa daga 28,050 zuwa 12,150, ragin 15,900 ke nan. Da ribarsa 40,000 ce, da rangwamen zai zo ne a kan kashi 19, kuma 20,000 ɗin da suka yi rara za su zama asarar da ake iya mayarwa shekarar baya ko a tura gaba.

Mai sana'a da sunan kansa shi ne ya kamata ya yi taka-tsantsan. A Ingila fam 12,570 na farko ba a yanka musu haraji, daga nan zuwa 50,270 kashi 20 ne, sama da haka kashi 40. Mai ribar 70,000 da ya cire 60,000 a tashi ɗaya, 19,730 ne kawai za su ci rangwamen kashi 40, mafi yawan sauran su zo a kan kashi 20, sannan 2,570 na ƙarshe su tafi a banza tunda dama babu haraji a kansu. Doka ba ta tilasta ka nemi AIA duka ba, kana iya tsayawa inda yake da amfani, sai dai abin da ka bari zai koma bin hawainiya. Abin da na fi ba irin waɗannan shawara shi ne, idan aikin yana rabuwa, a yi wani sashe kafin ƙarshen shekarar lissafi, wani bayanta, domin a ci kashi 40 sau biyu. Mazauna Scotland kuma matakan harajinsu daban ne.

Ga babban kamfani, abin da ke muhimmi shi ne wanne za a fara sakawa a AIA. Tun 1 ga Afrilu, 2023 kamfanoni na iya cire kuɗin sababbin injinan babban kwando gaba ɗaya ba tare da iyaka ba. To idan masana'anta ta kashe fam 800,000 a kan injinan aiki, da 600,000 a kan ɗumama gini, ya kamata a ba kayan ɗumamar AIA, injinan aikin su bi waccan hanyar marar iyaka, kome ya fita a shekara ɗaya. Idan aka juya, injinan suka cinye 800,000 na AIA, ɗumama za ta sami 200,000 kawai, sai rabin sauran 400,000, a bar 200,000 a kwandon kashi 6. Harajin fam 50,000 ke nan aka jinkirta rangwamensa saboda kuskuren cike fom. A kuma tuna kamfanonin da ke ƙarƙashin uwa ɗaya AIA guda suke rabawa.

Yanzu ga injinan kansu. Mai zuƙo ɗumi daga iska firji ne da aka juya bayansa: yana kwaso ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje ya tura shi cikin ruwan da ke zagaya gini, kuma idan an haɗa shi da kyau kowane ma'auni ɗaya na lantarki yana ba da kusan uku na ɗumi. Ta fuskar haraji shi ne mafi sauƙin lissafi, domin kusan duk abin da ke takardarsa inji ne da bututu da tanki da ladan haɗawa, kuma duka suna shiga. Manyan radiyetoci, wato ƙarafan da ke fitar da ɗumi a cikin ɗaki, waɗanda sau da yawa yake buƙata, tunda ruwansa bai kai na boilar gas zafi ba, suna shiga, haka ma ƙarin wayoyin lantarki. Matsalarsa a takardar wutar wata take. Lantarki a Birtaniya ya ninka gas tsada sosai, don haka a ginin da iska ke shiga ta ko'ina, ribar ninki ukun tana iya narkewa. Shi ya sa nake cewa a fara da toshe gini. Kayan hana ɗumi fita da aka ƙara wa ginin kasuwanci da yake tsaye su ma doka ta sa su a kwandon musamman, AIA na ɗaukar su.

Na ƙarƙashin ƙasa ya fi wannan tsada da nisa saboda haƙa, ko dai ramuka masu tsawo a kwance ko rijiyoyi masu zurfi kamar burtsatse, amma ya fi shi daidaito a tsananin sanyi, tunda zafin ƙasa ba ya hawa da sauka kamar na iska. A nan mutane kan tsorata, domin ƙa'ida ita ce aikin sauya fasalin fili ba ya samun rangwamen injina. Sai dai dokar ta yi togaciya: haƙar da aka yi don girka inji kawai, ba don wani abu ba, tana shiga. Idan a cikin aikin ka ce a shimfiɗa maka sabon wurin ajiye motoci ko a gyara lambu, wannan sashen ya fita, kuma idan takardar biya ta cakuɗa su wuri ɗaya, kai ka jawo wa kanka tambayoyi.

Boilar itace ce ta fi yaudara a takarda. Ita kanta boilar, da bututun hayaƙi, da na'urar da ke tura mata abin ƙonawa, da rumbun ajiyarsa na wucin gadi, duk ana neman rangwame a kansu. Amma ba a ajiye ta a lungun kicin kamar ta gas, tana son ɗakinta. Idan sabon ɗaki aka gina mata, bulo da rufi da daɓe ba inji ba ne, gini ne, shi kuma rangwamen gini kashi 3 ne a shekara, sai shekara talatin da uku da wata huɗu kafin ya ƙare, AIA kuma ba ta taɓa shi. Idan kuwa a cikin tsohon gini aka fasa bango ko aka ƙarfafa daɓe domin a shigar da ita, ana lissafa wannan a cikin kuɗin injin. A takardar Yaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na farashin ɗakin boila ne, amma layin nan mai manyan baƙaƙe bai bambance ba. Ban da haraji, akwai hidimarta: motar da za ta kawo kaya ta sami wurin juyawa, wani ya kwashe toka, a kuma kiyaye dokar hayaƙi da ta shafi yawancin birane. Ga manomi ko mai injin yanka katako da ke da ɓarɓashi a tsakar gidansa, ita ce ta fi. Ga masauki a tsakiyar gari, wahala ce aka sayo da kuɗi.

Sai dai boilar itace tana da wata dama da ta dace a sani. Abin da doka ta jefa a kwandon musamman shi ne tsarin ɗumama ɗakuna da ruwan gini. Boilar da aikinta samar da tururi ko zafi don sarrafa kaya, kamar busar da hatsi ko katako, akan ɗauke ta a matsayin injin sana'a na babban kwando. Ga kamfani wannan na buɗe hanyar cirewa gaba ɗaya marar iyaka, ga wanda ba kamfani ba kuma akwai sabon rangwamen kashi 40 a shekarar farko da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Wanda duk kashe-kashensa bai kai miliyan ba, wannan bambancin bai dame shi ba, AIA ta wadatar. Wanda ya haura kuwa, kuma boila ɗaya ce ke yin aikin biyu, sai ya zauna da akantansa da injiniyan da ya zana aikin su fitar da rabon da za su iya karewa.

Faranten rana ba su da wannan damar. Tun Afrilun 2012 doka ta ambace su da suna ta sa su a kwandon musamman, ko me ake yi da su. A ƙasar da rana ke ɓuya watanni, ƙari ne a kan wani injin, suna taimakawa da ruwan wanka a lokacin zafi, ba za su ɗumama ɗaki a Disamba ba.

Duk wannan bayanin na wanda gininsa wurin sana'a ne. Yaya na da gidaje biyu da ya zuba 'yan haya, kuma har ya fara lissafin sa musu irin injin. A nan ne na taka masa birki. Mai bayar da hayar gidan zama ba ya samun rangwamen injina a kan abin da ya girka a cikin gidan, ko AIA, ko rabi, ko kashi 6. Idan ya cire boilar gas ya mayar da irinta, gyara ne, ana cire shi daga kuɗin haya a shekarar. Idan ya sauya tsarin gaba ɗaya, akwai haɗarin a ɗauke shi a matsayin inganta kadara, sai ranar da ya sayar da gidan a lissafa masa a harajin ribar sayarwa. Gidajen hutu masu kayan ɗaki da ake haya na 'yan kwanaki dā suna da mafita, an soke ta a Afrilun 2025. Otel da masauki da gidan kula da tsofaffi da shago da ofis ba su faɗa wannan tarkon ba. Wanda kuma ke sana'a da sunan kansa a ƙasa, iyalinsa na zaune a sama, inji ɗaya na ɗumama duka, sai ya cire kason gida daga abin da yake nema.

Ko a ginin kasuwanci akwai iyaka tsakanin gyara da sabuntawa. Da sabon gini gara yaɓe, in ji masu magana, amma doka ta auna yaɓen: idan abin da ka kashe wajen sauya sassan tsarin ɗumama cikin wata goma sha biyu ya haura rabin kuɗin sabunta shi gaba ɗaya, ya tashi daga gyara ya koma jari.

Tallafin gwamnati da ke raye yanzu a Ingila da Wales shi ne na sauya boila da aka fara a 2022. Tun Oktoban 2023 yana ba da fam 7,500 ga injin zuƙo ɗumi, na iska ko na ƙasa, da 5,000 ga boilar itace, ita kuma sai a karkara inda bututun gas bai kai ba. Faranten rana ba sa ciki. Ƙananan wuraren kasuwanci na iya nema, amma ƙarfin injin kada ya wuce kilowat 45, kuma mai haɗawa ya kasance yana da shaidar MCS, wato takardar ƙwarewa ta masu girka irin waɗannan injina, shi ne ma yake nema ya rage maka a farashi. Abin da gwamnati ta biya ba ka da hurumin neman rangwame a kansa: aikin 60,000 da ya sami 7,500, a kan 52,500 za a yi lissafi. Harajin VAT ma yana sauya hoton. Masaukin da ke da rajistar VAT zai biya kashi 20 ya karɓo abinsa, don haka ba ya shiga lissafin. Wanda ba shi da rajista kuwa, VAT ɗin na cikin kuɗin da zai nemi rangwame a kai. Gidajen kula da tsofaffi, waɗanda galibi ba sa iya karɓo VAT, suna cikin wuraren zama da aka yafe wa VAT na girka irin waɗannan injina har zuwa 31 ga Maris, 2027. Otel ba ya cikin wannan yafiyar.

Yadda aka biya ma yana da tasiri. Kuɗi hannu, babu magana. Sayen biya-a-hankali wanda a ƙarshe injin zai zama naka yana ba ka damar neman rangwame a kan cikakken farashin da zarar an fara amfani da shi, ko da ba ka gama biya ba, kuɗin ruwan da ke kai kuma ana cire shi daban. Da yawa cikin mutanenmu ba sa kusantar wannan saboda riba, Yaya na cikinsu. Haya zalla, inda wani kamfani ya girka injinsa a gininka kana biyansa duk wata, ba ta ba ka rangwamen jari, kuɗin watan ne kake cirewa a matsayin hidimar sana'a. Ga wanda ribarsa ƙarama ce, wanda babban rangwame a shekara ɗaya ba zai amfane shi ba, wannan ba laifi ba ne, in dai ya karanta yarjejeniyar har ƙarshe ya ga shekarun da aka ɗaure shi.

Ranar sayar da gini HMRC na dawowa. Kason farashin da ya shafi injin ana lissafa shi, kuma idan ka riga ka cire kome, yana iya dawowa a matsayin ribar da za a yanka wa haraji. Wanda ya bi ƙofar rabi ko ta cirewa marar iyaka, nan take ake ɗora masa, wanda ya bi AIA kuwa ana fara zabtare kuɗin ne daga abin da ya rage a kwandonsa, wannan ma wani dalili ne na fifita ta. Mai saye da mai sayarwa suna da shekara biyu su sa hannu a kan takardar da ke ƙayyade darajar kayan da ke manne da ginin, kuma ciniki ne kamar kowane ciniki: mai sayarwa na son adadin ya yi ƙasa, mai saye na son ya yi sama.

Da muka gama, na ce da Yaya ya koma wa kamfanonin su sake rubuta takardunsu dalla-dalla, inji daban, bututu daban, haƙa daban, gini daban. Biyu sun yi, ɗaya ya yi ta ja masa rai har ya haƙura da shi. Na ƙarƙashin ƙasa ya faɗi ne tun kafin a zo maganar haraji, domin filin da za a haƙa shi ne wurin ajiye motocin baƙi. Boilar itace ta faɗi saboda ɗakinta da tokarta. Ya rage tsakanin gas da na iska, kuma na gaya masa gaskiya cewa gas ta fi arha a ranar saye, rangwamen da za ta samu kuma iri ɗaya ne. Abin da ya karkatar da shi shi ne awon injiniya: idan aka toshe rufi da bangon tsohon ɓangaren ginin, buƙatar masaukin za ta sauko ƙasa da kilowat 45, tallafin ya samu, takardar wuta kuma ta yi sauƙi.

Shekarar lissafin kamfaninsa na ƙarewa ne ranar 31 ga Maris, kuma doka na kallon ranar da biya ya wajaba a kanka ba tare da sharaɗi ba, ba ranar da aka yi musafaha ba. Don haka aka yi aikin toshe ginin a cikin Maris, ya shiga tsohuwar shekara, injin kuma aka kawo shi a watan Mayu, lokacin da baƙi ba sa neman ɗumi. Da na tambaye shi gidajen haya fa, sai ya ninke takardun ya mayar cikin leda ya ce, "Waɗancan a bar su da gas ɗinsu tukuna."